Murhu Takwas da Ɗanyar Shinkafa

Yakutpura, Hyderabad
8 ga Fabrairu, 1999

Iftekhar Miyan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mahaifiyarka Ammi. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa da ke yi mini gardama idan zan tashi daga sujada.

Kada ka yi mamakin rubutun, hannuna ne. Rabonka da ni tun jana'izar matata Zaibunnisa, 'yar ƙanin kakanka, kuma a lokacin da babban yatsa nake sa hannu. Bayan rasuwarta na shiga ajin yamma na manya, ina da shekara hamsin da huɗu, na zauna tsakanin masu tura amalanke har na koya. Yanzu ba mai karanta mini takarda.

Godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Nikhat, 'yar ɗana Rafeeq, ta rubuto cewa kamfaninku na Bangalore ya ɗauke ta gwajin wata shida a ƙarƙashinka, kuma ka ba ta ɗaki a gidanka. Ranar da takardar ta zo, sau uku na karanta ta da ƙarfi a shagon shayi, har mai shagon ya ce, "Ustad, mun ji, jikarka ta zama injiniya, ka bar mu mu sha shayi." Na ce, "Kai da ɗanka ya maimaita aji bakwai sau biyu, zauna ka ƙara ji."

Shekara hamsin na yi tsaye a kan tukwanen biki, hayaƙi ya cinye mini rabin ido. Ban taɓa zaton jinina zai zauna a ɗaki mai sanyi a gaban kwamfuta ba. Allah ya saka maka da alheri. Ka riƙe ta kamar 'yarka.

Mijin gwaggonka,
Ghouse Pasha

Bangalore
1 ga Maris, 1999

Ustad Ghouse,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma na gane yawancin rubutun. Muna lafiya.

Ba sai ka gode ba. Ammi ce ta matsa, don darajar marigayiya. Ka kuma fahimci cewa gwaji gwaji ne. Ƙarshen watan Yuli zan duba, in sa hannu a tabbatar da ita, ko in ƙi ta dawo muku.

Game da yarinyar, ban taɓa ganin sabuwar ma'aikaciya mai buɗe baki a taro kamarta ba. Idan ta fara, manyan injiniyoyi shiru suke yi. Ba wanda bai san sunanta ba yanzu a ofis. Da alama gado ta yi.

Ammi tana gaishe ka. Ta ce a tambaye ka ko shinkafar ta nuna zuwa yanzu. Ka san barkwancin gidanmu.

Dr. Iftekhar Baig

Yakutpura
6 ga Maris, 1999

Nikhat, hasken idona,

Ina fata kina lafiya kuma kina cin abinci, ko da yake na san a garin nan komai ruwa-ruwa suke dafawa. Babanki da Amminki lafiya.

Iftekhar ya rubuto! Ya ce idan kika fara magana manyan injiniyoyi shiru suke yi, kuma kowa ya san sunanki. Har ya ce gado kika yi. Na raba alewar laddu tun daga ƙofar masallaci har bakin titi. Tsohuwar Amminsa kuwa ta sake tayar da maganar shinkafar bikinta. Ƙyale ta, shekara arba'in da bakwai ba ta sami wani zancen ba.

Ki rubuto mini aikin da kike yi, dalla-dalla. Mutane suna tambayata, ni kuma ina cewa kina koya wa inji ladabi. Ba na so in ci gaba da yin ƙarya a tsufana.

Dadanki

Bangalore
2 ga Afrilu, 1999

Dada-jan,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina lafiya. Ka riƙa shafa man gwiwar nan, ba ajiye shi za ka yi ba.

Wayyo Dada, laddu! Ba yabo ba ne. Iftekhar Chacha, baffan nawa, cewa yake bakina ya yi yawa, kuma gadon da yake nufi na kicin ne.

Ga aikin. Muna gina tafinta ne, manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da inji ke ganewa. Injin da muke yi wa aiki ɗan ƙarami ne, na cikin wayar tarho, kuma gurabe takwas kacal yake da su inda ake lissafi da sauri. Mu rajista muke ce musu, kai ka ɗauke su murhu takwas. Lambobin da za a yi aiki da su kuwa ɗaruruwa ne, kamar tukwane. Wadda ta rasa murhu sai a kai ta sito, a riƙa zuwa ana ɗauko ta ana mayarwa, aiki ya yi sanyi. Don haka muke zana kowace a matsayin ɗigo, mu ja layi tsakanin duk biyun da ke bukatar wuta a lokaci ɗaya, sannan mu shafa wa ɗigogin launi takwas, da sharaɗin kada biyun da layi ya haɗa su sami launi ɗaya. Kowane launi murhu ne.

Ga inda rigimar take. Sau da yawa abin da ke tukunya ɗaya juye shi kawai za a yi a wata. Idan ka ɗaure su biyun a murhu ɗaya, ka huta da juyen. Wannan muke kira haɗewa. Chacha ya ce a haɗe duk abin da zai haɗu. Ni na ce haɗaɗɗen ɗigo yana gadar abokan rigimar wannan da na wancan, sai a wayi gari launi takwas ba su isa ba, don gudun juye ɗaya ka jawo zuwa sito sau hamsin. Na ce a fara ware masu sauƙi gefe, sannan a ƙirga. Idan manyan abokan rigimar ba su kai takwas ba a haɗe, in sun kai a bar su. Ba ni na ƙirƙiro ba, an buga shi a mujallu. Shi ne dai ya tsaya a kan abin da ya koyo a Amurka tun da.

Ya cire tabarau ya ce, "Bibi, 'yan mata, wata nawa kika yi a nan?"

Na ce, "Biyu, Sir."

Ya ce, "Ni shekara goma sha tara. Wannan ƙirge-ƙirgen tsoro a bar wa masu dafa abinci." Kowa ya sunkuyar da kai.

Gaskiya a ƙananan misalai nasa ya fi sauri. A manya ne zai durƙushe, shi kuma ƙananan yake gwadawa. Masu injin za su zo su gani a watan Yuli, kafin ya sa mini hannu.

Don Allah, Dada, kada ka rubuta masa komai.

Nikhat

Yakutpura
9 ga Afrilu, 1999

Iftekhar Miyan,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Gwiwata ta ɗan yi sauƙi, zuciyata ce ba ta yi ba.

Nikhat ta ce kada in rubuto maka. Na ji. Ga shi na rubuto.

Amminka ta tambaya ko shinkafa ta nuna. Tun kafin a haife ka gidanku ke kirana Mai Ɗanyar Shinkafa, kuma ban taɓa tankawa ba, saboda Zaibunnisa ta roƙe ni. Yanzu tana kabari, ni kuma na iya rubutu. Saurara.

Ranar bikin babanka an ba ni murhu takwas a bayan gidan kakanka, baƙi dubu ɗaya da ɗari biyu. Ina da shekara ashirin da biyar, bikina na farko ba tare da ustad ɗina da ya koya mini girki ba. Biriyani ba a wuta ɗaya ake yin ta ba. Albasa da asuba a nan, nama da hantsi a can, shinkafa ta yi rabin nuna a wani murhun, sannan a haɗa su a babbar tukunya, a liƙe murfi da ƙullu, a ɗora ta duk inda wuta ta samu. Girki yawo ne. Sai wani daga cikin mutanena ya ɗiga man shanu mai zafi kusa da takalmin wani babban baƙo da ya zagayo leƙe. Kakanka ya fito da sandarsa mai kan azurfa ya ce, "Kai, mai girki! Ba na son wannan zirga-zirgar a gaban mutane. Duk abin da zai shiga tukunya ɗaya a dafa shi a murhu ɗaya. Kada in ƙara ganin an ɗauki komai."

Na ce, "Huzur, ranka ya daɗe, wuta ba za ta isa ba."

Ya ce, "Takwas ba ta ishe ka ba? Ni ba gidan sarki na gina ba."

Na yi yadda ya ce. Ka san abin da ya faru? Albasar asuba da naman hantsi da shinkafar rana suka zama abu ɗaya, duk mai neman wuta da asuba ya zama abokin rigimarsu, haka na hantsi, haka na rana. Ina ganin murhu yana ci a banza, ba ni da ikon ɗora masa komai, don an ɗaure shi da tukunyar da lokacinta bai yi ba. Miyar barkono ta rasa wuri, kayan zaƙi na 'ya'yan itacen khubani ya rasa wuri. Dole na sauke tukunya ɗaya ƙasa tana tsakiyar turara, na mayar, na sake saukewa. Ita ce aka kai wa dangin amarya. Kakanka ya tsaya a tsakar gida ya ce laifin yaron girki ne, kowa ya yi dariya, dariyar kuma ba ta ƙare ba har yau.

An zauna lafiya, babu zirga-zirga. An kuma ci ɗanyar shinkafa.

Yanzu na ji jikansa ya haye teku ya dawo da "Dr." a gaban sunansa, yana ba da umarnin nan dai, babu ragi babu ƙari, sai dai shi ba shi da sanda. Ka ce ƙirge-ƙirge na masu dafa abinci ne. Gaskiya ka faɗa. Mu muke ƙirgawa, domin mu ake zagi idan ta ƙi nuna. Ku a gidanku ba a taɓa ƙirga komai ba sai laifin wasu.

Idan injinka ya durƙushe a gaban baƙi, kada ka tsaya a tsakar ofis ka ce laifin yarinyar girki ne. Wannan karon akwai wanda ya iya rubutu.

Ghouse Pasha, mai girki

Yakutpura
30 ga Mayu, 1999

Nikhat,

Ina fata kina lafiya. Wannan ta uku ke nan, ba amsa. Kullum ina tsayawa a bakin ƙofa lokacin mai kawo wasiƙu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Babanki ya kira gidan Iftekhar daga shagon waya, wata murya ta ce ba kya nan, ta ajiye. Ba kya nan ina? Kin fita ne, ko kin bar gidan, ko sun kore ki daga aikin? Mai shagon shayi ya ce, "Ustad, yau ba karatu?" Na biya kuɗin shayina na dawo gida.

Idan takardata ce ta jawo, ki faɗa. Layi ɗaya ya isa.

Dadanki

Bangalore
3 ga Agusta, 1999

Dada-jan,

Ina lafiya. Na karɓi takardunka duka, matar Chacha ta riƙa aiko mini da su a ɓoye. Fushi nake da kai, shi ya sa na yi shiru, kuma na roƙi Abba da ya san inda nake kada ya gaya maka. Ka yafe mana.

Takardarka ce ta jawo, e. Ya karanta ta a teburin karin kumallo, ya ninke ta huɗu, ya ce, "Bibi, ashe kina kai rahoton ofis kicin. Ki nemi ɗaki." Na koma gidan kwanan 'yan mata, mu huɗu a ɗaki. A ofis kuma ya cire ni daga aikin tafinta ya jefa ni teburin gwaje-gwaje, inda ake tura waɗanda ake so su gaji su tafi. Na yi kuka, Dada. Na ce tsoho ya huce haushin shekara arba'in da bakwai da aikina.

Sai dai aikin teburin nan shi ne a gwada komai, ƙanana da manya, a rubuta sakamako a kai wa shugabar sashe, Madam Sulochana. Shi bai taɓa zama a wurin ba, bai san haka ba. Na gwada, na rubuta abin da na gani. A ƙanana nasa gudu yake. A manyan guda goma sha ɗaya, lambobi sai zuwa sito suke suna dawowa, injin yana ja da ƙyar. A gefe na sa sakamakon tawa hanyar, wadda nake ginawa a lokacin cin abincin rana.

Madam ta kira mu biyu, saura kwana tara baƙi masu injin su zo. Ta ce cikin girmamawa, "Doctor garu, kun ga wannan?"

Ya ce, "Yarinya ce, Madam, tana iya yin kuskure a gwaji."

Ta tura masa kwamfutar ta ce, "To ku gwada da hannunku. Ina da shayi, zan jira."

Ya gwada sau biyu. Sakamakon bai canja ba. Tawa aka nuna wa baƙi. Ranar Juma'a Madam ta ajiye takardar tabbatarwata a gabansa, ta miƙa masa nata alƙalamin. Ya sa hannu.

Kada ka ce kai ka yi, Dada. Saura ƙiris ka kashe mini aiki. Amma yanzu kana iya raba laddu. Na aiko maka da fensir masu launi takwas, don ka daina cewa ina koya wa inji ladabi.

Nikhat

Bangalore
20 ga Agusta, 1999

Phupha-jan,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ammi ba ta jin daɗi sosai kwanakin nan.

Kun dai ji an tabbatar da Nikhat. Na yi abin da ya dace da zarar lambobi sun fito.

Wata magana ce. An sa bikin 'yata Mehreen a watan Nuwamba, a Hyderabad, baƙi kusan dubu. Ammi ta ƙi masu girkin otal, ta ce ba sauran wanda ya iya ta dā sai ku. Filin da muka kama murhu shida yake ɗauka, kuma mai adon wurin ba ya son a riƙa yawo da tukwane kusa da furanni. Na tabbata za ku san yadda za ku yi. Abin da ya wuce ya wuce, mu dangi ne.

Naku,
Iftekhar

Yakutpura
27 ga Agusta, 1999

Iftekhar Miyan,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Amminka lafiya, da gaske nake, ina son ta kai Nuwamba. Gwiwata kuwa tun ranar da takardar Nikhat ta zo ta manta da ciwo. Na raba laddu karo na biyu, wannan karon har mai kawo wasiƙu ya tafi da na 'ya'yansa. Mai shagon shayi da kansa ya ce in karanta, ya kashe rediyo.

Na ga na zama Phupha-jan, mijin gwaggo. A watan Maris Ustad ne. Ban san an yi mini ƙarin girma ba, ko shi ma Madam ce ta miƙa maka alƙalami?

Ka ce ka yi abin da ya dace. Yarinyar da aka ba ka amana ka fitar da ita da akwatinta a garin da ba ta san kowa ba, don tsoho ya gaya maka gaskiya. Wannan laifin rabinsa nawa ne, na roƙe ta gafara. Rabinka yana nan yana jiranka.

Zan yi girkin, don Mehreen ba ta yi mini komai ba. Na zauna da fensir ɗin da Nikhat ta aiko, na zana tukwanenku ɗaya bayan ɗaya, na ja layi tsakanin masu neman wuta tare. Kwana biyu na yi ina shafa launi. Da shida, dole tukunya biyu su sauka ƙasa. Takwas nake so. Idan fili bai isa ba a rage furanni. Inda haɗewa ba za ta cutar ba zan haɗe, na ƙirga, wuri uku ne. Sauran za a ɗauke su daga murhu zuwa murhu a gaban baƙinka, mai ado ya rufe idonsa. Ba ɗan gidanku ko ɗaya da zai taka bayan labulen wurin girki, da sanda ko ba sanda. Nikhat kuma a teburin dangi za ta zauna, kai za ka ja mata kujera.

Ka gaya wa Amminka farantin farko nata ne. Ni da kaina zan kawo mata, in tsaya a kanta har ta tauna, ta gaya mini da bakinta a gaban mutane ko ta nuna.

Ghouse Pasha,
da hannunsa